Ma'anar «baƙo» a Maraɗi: daga ƙarni na 19 zuwa dokar 2015

Katsinawan da jihadi ya kora su ne suka kafa sarauta a Maraɗi, Gobirawa kuma suka zauna Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. A wancan zamani, baƙo shi ne wanda ya samu mai masauki, mai masaukin kuma ya tsaya masa gaban sarki.

A Janairun 1983, da gwamnatin Shagari ta kori baƙi daga Nijeriya, takarda aka tambaya, ƴan cin rani suka komo ta Ɗan Isa. Nijar kanta ta kafa doka mai lamba 2015-36 kan safarar baƙin haure, har direbobi da masu masauki a Agadas suka shiga hannu. An soke ta a Nuwamban 2023, amma kalmar «haure» tana nan manne da «baƙo».