Waƙa a Kan Hanyar Daddara

Wanda ya tashi daga Katsina za shi Jibiya zai ratsa ta Daddara, kafin ya kai Magama ya ƙetare zuwa Ɗan Issa da Maraɗi. Wannan hanya ta daɗe da sanin sawun masu gudun hijira.

Bayan da mayaƙan jihadi suka ci birnin Katsina a 1807, zuriyar sarakunan Haɓe suka yi arewa, har Ɗan Kasawa ya kafa zama a Maraɗi wajen 1819. Gidaje da gonaki sun bari a baya. Kirari da waƙoƙin fada kuwa suka tafi da su a baki, shi ya sa har yau ake ce wa mai sarautar Maraɗi Sarkin Katsina.

Masu bishara na S.I.M. sun isa Damagaram a 1924, daga baya suka zauna a Tsibiri kusa da Maraɗi. Aka buga Littafi Mai Tsarki cikin Hausa a 1932, Littafin Waƙoƙi kuma ya bazu a ƙasar Turawan Ingila da ta Faransa duka. Iyaka ta raba kuɗi da harshen makaranta, amma waƙar sujada ta zauna ɗaya.

Amfanin wannan ya fito fili tun 2019, sa'ad da 'yan bindiga suka kori dubban mutane daga Katsina, Zamfara da Sakkwato zuwa jihar Maraɗi. Aka tsugunar da waɗansu a Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Chadakori. Yawancinsu Musulmi ne, kuma mata da yara sun fi yawa. Macen da ta rasa miji da rumbu takan kasa barci, takan kasa faɗin abin da idonta ya gani. Amma in ana daka ko ana rarrashin jariri, waƙa takan fito daga bakin da magana ta ƙi. Mai bi kuwa, ranar da ya shiga majami'a a baƙuwar ƙasa ya ji 'yan Zumuntar Mata suna buga tulu da muryar da ya sani, ranar ya fara samun 'yan'uwa.

Kada wani ya ce waƙa ta isa. Yunwa sai hatsi, zazzaɓi sai magani. Duk da haka, a 1 Sama'ila sura 16, lokacin da Saul ya shiga azabar zuciya, fadawansa mai kaɗa garaya suka nemo, wato Dawuda, wanda daga baya shi kansa ya gudu zuwa Gat da kogon Adullam.