Ƙugiyoyin Masaƙan Ingila da Zuciyar Mai Jira

'Yan uwa marubuta, kalmarmu ta wannan mako ita ce "tenterhooks". Bature kan ce mutum yana kan "tenterhooks" idan jiran wani labari ya hana shi sukuni.

Daga sana'ar ulu ta fito. Tun ƙarni na 14, masu yin yadi a Ingila kan wanke shi su buga shi cikin ruwa, sannan su ɗame shi a jikin wasu katakai da ake kira "tenter" don kada ya tsuke wajen bushewa. Ƙananan ƙugiyoyin da ke riƙe gefen yadin su ne "tenterhooks". A 1748 Tobias Smollett ya yi amfani da kalmar da ma'anar zullumi cikin littafinsa Roderick Random. Yau katakan sun ɓace, sai sunan titi irin Tenter Ground a Landan, har wasu Turawan na cewa "tenderhooks" saboda rashin sanin tushe.

Mu ma muna da "jiran gawon shanu". Matashin da bai taɓa ganin saniya a gindin gawo tana dakon 'ya'yansa su faɗo ba, yaya zai sa shi a muhallinsa? Kafin mu ɗauki karin magana, mu tambayi manya inda ya samo asali.