Tarihin Hotunan Sararin Samaniya: Daga Hubble Zuwa Webb

Hotunan da ake nufi a nan su ne waɗanda na'urorin hangen nesa da aka harba sama suke ɗaukowa na duniyoyi, da galaksi, wato garken biliyoyin taurari, da nebula, wato gajimaren ƙura da iskar gas. Hotunan sun karaɗe wayoyi, amma galibi babu kwanan wata a jikinsu, inda kuma aka sa, sai a tarar ana saɓani: wani ya rubuta ranar da aka ɗauki hoto, wani ranar da aka nuna shi ga jama'a. A wannan maƙala an raba biyun.

Asali

Iskar da ta lulluɓe duniyarmu ita ke sa tauraro ya riƙa ƙiftawa, ita ce kuma ke dusashe hoton da aka ɗauka daga ƙasa. A 1946 masanin taurari Lyman Spitzer na Amurka ya rubuta cewa mafita ita ce a kai na'urar sama da iskar. Nancy Grace Roman, shugabar sashen taurari ta farko a hukumar NASA, ta yi shekaru tana fafutukar ganin an yi aikin, majalisar dokokin Amurka ta amince da kuɗinsa a 1977, sannan aka raɗa wa na'urar sunan Edwin Hubble. An so harba ta a 1986, sai kumbon Challenger ya tarwatse a watan Janairun shekarar, komai ya tsaya. An yi wasu na'urori kafin ta, kamar IRAS ta 1983, amma amfaninsu ya tsaya ne ga masana.

Madubin da aka goga ba daidai ba

Kumbon Discovery ya tashi da Hubble ranar 24 ga Afrilu, 1990, aka sake ta washegari. Shi ya sa wasu ke rubuta 24, wasu 25. Hoton farko ya zo ranar 20 ga Mayu, kuma kafin ƙarshen Yuni an tabbatar akwai matsala: kowane tauraro na fitowa da wani hazo kewaye da shi. Babban madubin, mai faɗin mita 2.4, kamfanin Perkin-Elmer ne ya goge shi, bakinsa kuma ya fi yadda ake so shafewa da kusan mikiron 2, abin da bai wuce kashi ɗaya cikin hamsin na kaurin gashin kai ba. Kwamitin bincike na Lew Allen ya gano cewa ma'aunin da aka dogara da shi wajen gugar ne aka harhaɗa ba daidai ba, wani gilashi a cikinsa ya kauce da milimita 1.3. Magoga sun bi ma'aunin sau da ƙafa, sai suka fitar da kuskuren da matuƙar ƙwarewa.

Wannan ƙwarewar ce ta ceci aikin. Tunda an san girman kuskuren daidai, ana iya ƙera ƙananan madubai masu kishiyarsa, kamar yadda ake yanka wa mai ciwon ido tabarau. A watan Disamba 1993 'yan sama jannatin kumbon Endeavour suka fita waje sau biyar, suka ɗaura na'urar gyara mai suna COSTAR da sabuwar kyamara, WFPC2. Ranar 13 ga Janairu, 1994 aka nuna galaksin M100 a hotuna biyu gefe da gefe: na dā kamar an duba ta cikin ƙurar hunturu, sabon kuma hannayen galaksin a murɗe, tar. Mai tattara wannan tarihi yana ganin daga wannan rana ya kamata a fara lissafin hotunan Hubble.

Shekaru biyun da suka biyo baya

A tsakanin 16 da 22 ga Yuli, 1994, gutsattsarin tauraro mai wutsiya Shoemaker-Levy 9, sama da 20, suka faɗa wa duniyar Jupita, wadda malamai ke kira Mushtari. Hubble ta ɗauko baƙaƙen tabban da suka bari a jikinta, wasu sun kai duniyarmu faɗi.

Hoton da ya fi kowane suna, wanda ake kira Ginshiƙan Halitta, Jeff Hester da Paul Scowen ne suka ɗauke shi ranar 1 ga Afrilu, 1995, amma sai a watan Nuwamba aka fitar da shi. Ginshiƙai uku ne na ƙura da gas a cikin nebular M16, tsaye kamar suri, sababbin taurari na tsirowa a kawunansu. Tsofaffin rubuce-rubuce na cewa nisansu tafiyar haske ce ta shekara 7,000, NASA kuma a yanzu ta fi amfani da 6,500. Wanda ya lura da hoton na asali zai ga kusurwar sama ta dama a guntule, kamar matakala. Dalili shi ne kyamarar WFPC2 idanu huɗu gare ta, ɗaya ya fi sauran kusanto da abu, sai aka rage girman hotonsa don ya dace da ukun.

A kan wannan hoto aka fi gardamar launi. Kyamarorin Hubble baƙi da fari suke ɗauka, ta cikin matatan da kowace ke barin haske iri ɗaya ya wuce, daga baya ake sa wa kowane launi a haɗa su. A hoton 1995 an ba haidurojin kore, farar wuta ja, iskar oksijin shuɗi. A ido, hasken haidurojin da na farar wuta duk ja ne, da an bar su haka da ba a bambance su ba. Don haka mai cewa hoton ƙirƙira ne bai yi adalci ba, domin kowane ɗigo haske ne da aka auna. Mai cewa haka ido zai gani in ya je wurin shi ma ya zarce.

A ƙarshen wannan shekara Robert Williams, shugaban cibiyar da ke tafiyar da binciken Hubble a Baltimore, ya yi kasada da lokacin da muƙaminsa ya ba shi. Ya sa aka kafa na'urar a kan wani ɗan gurbi a sararin arewa da ake ganin babu komai cikinsa, faɗinsa kusan kashi ɗaya cikin 12 na faɗin wata, duk da wasu manyan masana ba su goyi baya ba. Daga 18 zuwa 28 ga Disamba aka yi ɗauka 342. Da aka nuna sakamakon, mai suna Hubble Deep Field, ranar 15 ga Janairu, 1996, sanarwar farko ta ce aƙalla galaksi 1,500 ne a ciki. Ƙidayar baya ta kai kusan 3,000, kuma ita ce abin dogaro.

Bayan nan

Na'urar Chandra, mai ganin hasken eksire, ta tashi a 1999, na'urar Spitzer mai ganin hasken infirared a 2003. A 2004 Hubble ta sake irin aikin Williams, ta samo galaksi kusan 10,000. Ziyarar gyaran Hubble ta ƙarshe a watan Mayu 2009 aka yi ta.

Na'urar James Webb ta tashi ranar 25 ga Disamba, 2021 daga Kourou, da madubi mai faɗin mita 6.5 da aka haɗa da falle 18 masu rufin zinare, tana aiki kimanin kilomita miliyan 1.5 daga duniya. An nuna hotonta na farko ranar 11 ga Yuli, 2022, sauran washegari. Ita galibi hasken infirared take gani, wanda ido ba ya gani ko kaɗan, saboda haka dukkan launukan hotunanta sanyawa aka yi.

Hubble ta sake ɗaukar Ginshiƙan a 2014, aka fitar a Janairu 2015, Webb kuma ta nuna nata a Oktoba 2022, inda taurarin da ƙura ta ɓoye suka bayyana. Kyamarar WFPC2 da ta ɗauki na farkon an dawo da ita ƙasa a 2009, aka kai ta gidan tarihin jiragen sama da kumbuna na Smithsonian a birnin Washington.