Tawaye: Daga Ɗan Mari Zuwa Dajin Rugu

Tun da gwamnatin tarayya ta ayyana 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda a 2022, gardamar sunan da ya dace da su ba ta mutu ba a majalisun Funtuwa da Malumfashi. Manomin da aka hana shiga gonarsa ɓarayin daji yake ce musu. Wasu masu goyon bayan sulhu kuwa sun fi son a ɗauke su kamar 'yan tawaye, masu ƙorafin da za a zauna a saurara.

Kalmar tawaye ta tsufa. Fitina daga Larabci ta zo, basasa kuma daga yaƙin Basus na Larabawa kafin Musulunci, amma tawaye tana bakin jama'a tun farkon Daular Usmaniyya. Da Bature Clapperton ya zo Sakkwato a 1826, da wannan suna ya ji ana kiran Gobirawa da abokansu da suka ƙi mubaya'a ga Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ɗan bore yakan ƙi umarni ne kawai, ɗan tawaye kuwa ya fita daga ɗa'a gaba ɗaya, yana da tuta, yana da sarkin da yake so.

A ƙasar Katsina, babban misali shi ne Ɗan Mari. Ya gaji sarautar Katsinawan Maraɗi bayan an kashe sarkinsu Rauda a yaƙin Gawakuke a 1836. Wajen 1843 garuruwan ƙasar Ruma suka juya wa Sarkin Katsina Siddiku, ɗan Ummarun Dallaje, baya, suka bi Ɗan Mari. Wutar ta ci har Matazu, arewa da Malumfashi, kuma a can aka karya lagonta. Siddiku bai yi sassauci ba. Garuruwa suka zama kufai, daji ya cinye gonaki, a shiyyar da dajin Rugu yake a yau.

Masu kallo daga ɓangaren Sakkwato sun ce cin amana ne. Mutanen Maraɗi sun ce Ɗan Mari gadon kakanninsa yake nema. Sai dai duka biyun sun manta da talakan da ya bi shi, wanda da wuya a ce kishin gidan sarauta kaɗai ya fito da shi. Tsananin mulkin Siddiku ya fi bayyana lamarin, domin a 1844 Sarkin Musulmi Aliyu Babba da kansa ya tuɓe shi, ya naɗa ɗan'uwan Siddikun, wani Muhammadu Bello daban. Abin mamaki, Siddikun daga baya ya haɗa kai da mutanen Maraɗi, shi ma sunan ya hau kansa.

Daga baya Turawa sun laƙaba sunan 'yan tawaye ga mutanen Satiru a 1906, gidajen rediyo suka kira sojojin Biyafara da shi daga 1967, sannan Abzinawan Nijar da suka ɗauki makami a 1990.