Tarihin Tuƙa Keke a Cikin Ɗaki

Tuƙa keke a cikin ɗaki, wato mutum ya girke kekensa wuri guda yana murza feda ba tare da ya gusa ko taku ɗaya ba, ya samo asali ne daga buƙatar 'yan tseren keke na Turai da Arewacin Amurka. A can hunturu kan zo da dusar ƙanƙara, hanya ta yi santsi, duhu ya shiga tun la'asar, kuma wanda ya jingine keke wata uku ƙarfin ƙafarsa kan zube kafin lokacin tsere ya dawo. Masu ƙera na'urorin wannan atisaye sun shafe fiye da shekara ɗari suna fama da abubuwa uku: yadda feda za ta yi nauyi kamar a kan titi, yadda za a auna ƙarfin da mahayi ke fitarwa, da yadda zai jure gundurar kallon bango.

Na'urar motsa jiki mai feda ta girmi keken da aka sani a yau. A shekarar 1796 wani Bature ɗan Ingila mai suna Francis Lowndes ya yi rajistar wata na'ura da ya kira Gymnasticon, wadda ake juya manyan ƙafafunta da hannu da ƙafa, domin marasa lafiya da ba sa iya fita. Keke mai feda bai bayyana ba sai a shekarun 1860 a Faransa. Zuwa ƙarshen ƙarni na 19 'yan tsere sun samu abin da ake kira rola: ganguna uku na katako masu juyawa, biyu a ƙarƙashin tayar baya, ɗaya a ƙarƙashin ta gaba, da bel da ke haɗa su. Babu abin da ke riƙe keken, mahayi ne ke daidaita kansa, in hankalinsa ya ɗauke sai ya tsinci kansa a ƙasa. Ba a jima ba aka mayar da rola abin kallo. Akan jera mahaya a kan dandamali a gidajen wasa, a haɗa kowace rola da hannu guda na wani babban agogo, 'yan kallo na ihu suna bin hannun gwaninsu. Ɗakin motsa jiki na jirgin ruwan Titanic, wanda ya nutse a 1912, yana da kekuna na girke da agogo irin wannan.

Batun awo daga ɗakunan binciken likitoci ya fito. A 1913 masanin aikin jiki ɗan Denmak August Krogh, wanda daga baya ya samu kyautar Nobel a 1920, ya ƙera keken gwaji da ke da faifan tagulla mai juyawa tsakanin maganaɗisun lantarki. Idan aka ƙara wuta sai maganaɗisun ya riƙa jan faifan baya, feda ta yi nauyi, ba tare da wani abu ya goga wani ba. A shekarun 1950 kamfanin kekuna na Monark a Suwidin ya fitar da keken gwaji mai sauƙi wanda bel ke matse faifansa, kuma gwajin ƙarfin numfashi na Per-Olof Åstrand ya yaɗa shi a asibitoci da jami'o'i. Dabarar Krogh ta maganaɗisu ita ce har yau ke cikin yawancin na'urorin zamani.

A shekarun 1970 aka fara sayar da abin girke keke a gida: wani ƙarfe da ke ɗaga tayar baya, ya matsa ta a jikin ƙaramar rola mai juya fanka. Hikimar fanka ita ce nauyinta na ƙaruwa da gudu, kamar yadda iska ke yi wa mahayi a waje. Aibinta ƙara, wadda ke hana maƙwabta barci. Daga baya aka sauya fankar da maganaɗisu ko wani ruwa mai kauri, ƙarar ta ragu, amma rolar na cin taya, kuma gundurar na nan daram. Wata hanyar magance ta ita ce taro. Johnny Goldberg, ɗan Afirka ta Kudu mazaunin Kalifoniya, ya fara azuzuwan Spinning a ƙarshen shekarun 1980, inda jama'a ke tuƙi tare da kiɗa da malami a gaba. Wannan reshe ya tafi wajen masu neman lafiyar jiki, kuma daga cikinsa kamfanin Peloton ya fito a 2012.

Reshen 'yan tsere ya bi ta kwamfuta. A 1986 kamfanin RacerMate na birnin Siyatil ya fitar da CompuTrainer, wadda lantarki ke sarrafa nauyinta, kuma a farkon shekarun 1990 har an haɗa ta da na'urar wasan Nintendo, mahayi na ganin ɗan hotonsa a talabijin. A shekarar 1986 ɗin dai injiniya Bajamushe Ulrich Schoberer ya kafa SRM, mai ƙera ma'aunin da ake ɗaura wa keke ya nuna ƙarfin ƙafa da wat, ma'aunin da ake rubutawa a jikin ƙwan lantarki. Wannan ne ginshiƙin duk abin da ya biyo baya. Gudu ba ya nuna ƙoƙarin mahayi, domin iska da gangara na sauya shi. Bugun zuciya ma zafi da gajiya na taɓa shi. Wat kuwa wat ne a ko'ina. Mai tuƙin nishaɗi kan fitar da wat 100 zuwa 150, ƙwararren ɗan tsere kuma kan riƙe wajen wat 400 na rabin sa'a a hawan dutse. Da zarar an san wat ɗin mutum da nauyin jikinsa, kwamfuta na iya lissafa gudun da zai yi a kowace irin hanya.

Duk da haka na'urorin farko sun zauna a hannun 'yan tsiraru. Suna da tsada, wayoyi sun yi musu yawa, kuma kowane kamfani da tasa manhajar da ba ta aiki da na'urar wani. Kamfanin Tacx na Holan, alal misali, ya sayar da na'urori masu hotunan hanyoyi tun farkon shekarun 2000, amma sai da manhajarsa. Abin da ya buɗe ƙofa shi ne sadarwa marar waya, ANT+ da Bluetooth. A 2013 kamfanin Wahoo na Atlanta ya fara sayar da KICKR, ya kuma bar kowane mai rubuta manhaja ya sarrafa ta. A irin wannan na'ura cire tayar baya ake yi gaba ɗaya, a ɗora sarƙar keke a kan haƙoran giyar na'urar, wadda ke da faifan ƙarfe mai nauyi da ke ba ƙafa jin tafiyar keke a kan titi. Na'urar na aika wat ɗin mahayi ga kwamfuta ko waya, manhaja kuma ta mayar mata da umarni: an zo hawa, ƙara nauyi, an zo gangara, sassauta. Akwai kuma tsarin da ake ƙayyade wat, a ce 250, na'urar ta riƙe mahayi a kai ko ya murza da sauri ko a hankali. Manhajoji irin su TrainerRoad a kan wannan suka gina darussansu.

Zwift ce ta haɗa awo da taro wuri guda. An kafa kamfanin a 2014 a Long Beach ta Kalifoniya. Jon Mayfield, mai tsara hotunan wasannin bidiyo, ya daɗe yana gina wa kansa manhajar tuƙi; Eric Min, tsohon ɗan tsere mazaunin Landan, ya ci karo da aikin a intanet, suka haɗa kai da Scott Barger da Alarik Myrin. An fara gwaji a Satumban 2014 a wani ɗan tsibirin kwamfuta mai suna Jarvis, sannan a 2015 aka buɗe Watopia, ƙagaggen tsibiri da aka yi ta faɗaɗawa, aka kuma fara karɓar dala 10 a wata. Sabon abin shi ne sauran mahayan da ke allo mutane ne na gaske, kowa a ɗakinsa. Manhajar na kwaikwayon fakewa daga iska: wanda ya laɓe a bayan wani yana samun sauƙi, don haka dabarun tsere na titi suka shigo ɗaki. A 2018 aka ƙara hawan Alpe du Zwift, kwafin dutsen Alpe d'Huez na Faransa da kwanoninsa 21 da tsayin fiye da mita 1,000. Wasu manhajojin, kamar Rouvy ta ƙasar Cek, sun zaɓi bidiyon hanyoyi na ainihi maimakon zane.

Ƙwararru sun fara ɗaukar abin da muhimmanci a 2016. A watan Fabrairu Mathew Hayman, ɗan Ostareliya, ya karya hannu a wani tsere a Beljiyam. Ya koma garejinsa ya yi makonni yana atisaye a Zwift, a watan Afrilu kuma ya lashe Paris–Roubaix, tseren da hanyarsa ta duwatsu ta fi kowace wahala. A wannan shekarar ce kamfanin Zwift ya fara gasar neman gwanaye, inda Ba'amurkiya Leah Thorvilson ta samu kwantiragi da ƙungiyar Canyon–SRAM. Wanda ya ci gasar a 2020, Jay Vine, ya lashe zango biyu a tseren Vuelta na Sifen a 2022, abin da ya tabbatar cewa alƙaluman ɗaki na iya fito da gwani na haƙiƙa.

Annobar korona ta 2020 ta kulle mutane a gida, na'urorin suka ƙare a shaguna. A ranar 5 ga Afrilu aka yi tseren Flanders a manhajar Bkool da mahaya 13, Greg Van Avermaet ya yi nasara. A Yuli aka yi Tour de France na kwamfuta, maza da mata a hanyoyi iri ɗaya. A Satumba Zwift ta samu jarin dala miliyan 450. A ranar 9 ga Disamba hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta gudanar da gasar duniya ta farko a wannan fanni. Ashleigh Moolman-Pasio ta Afirka ta Kudu ta ci ta mata, ta maza kuma Jason Osborne na Jamus, wanda asalinsa ɗan tseren kwale-kwale ne. Wannan bai zo da mamaki ba, tunda a ɗaki ba a tambayar gwanintar shan kwana ko riƙe birki, sai ƙarfin huhu da ƙafa.

Tuƙin ɗaki na da nasa wahalhalun. Kusan kashi uku cikin huɗu na ƙarfin da jiki ke ƙonawa zafi yake zama, kuma babu iskar hanya da za ta kwashe shi, shi ya sa fanka ta zama dole, gumi kuma kan ci ƙarfen keke. Babbar matsalar gasa ita ce amana. Tunda a hawa wat ɗin da ke kan kowane kilo na jiki ne ke yanke hukunci, mai rage nauyinsa a manhaja da kilo biyar ya samu gudun banza, haka ma mai na'urar da ke ƙara awo. A 2019 hukumar keke ta Birtaniya ta ƙwace kambin zakaranta na farko na tseren kwamfuta, ta dakatar da shi wata shida, saboda an yi amfani da manhajar bogi wajen buɗe masa keken da ya fi sauri a wasan. Masu shirya manyan gasanni suka fara neman bidiyon hawa sikeli da ma'auni na biyu a jikin keke, kuma a gasar duniya ta 2020 na'ura iri ɗaya aka aika wa kowane mahayi.

Da aka buɗe gari kasuwar ta ja baya, kamfanoni da dama suka rage ma'aikata a 2022, farashin na'urori ya sauko. Manyan kamfanoni sun riga sun haɗiye ƙanana: Garmin ta sayi Tacx a 2019, CompuTrainer kuwa an daina ƙera ta tun 2017. Zwift ta zama mai ɗaukar nauyin Tour de France na mata daga 2022, amma UCI ta miƙa gasar duniya ta 2024 zuwa 2026 ga MyWhoosh, manhajar kyauta ta Abu Dabi, inda zafi ne ke korar mahaya zuwa ɗaki. A Oktoban 2024 aka tara waɗanda suka kai zagayen ƙarshe a zaure guda a birnin, a gaban alƙalai da 'yan kallo, inda Osborne ya sake lashe kambin maza, Kate McCarthy ta Niyu Zilan ta ɗauki na mata.