Horar da ma'aikatan asibiti kan kayan kariya lokacin annoba

Kayan kariya su ne suturar da ke shiga tsakanin ma'aikacin asibiti da jini, amai, gudawa ko numfashin majiyyaci: safar hannu, takunkumi, tabarau, doguwar riga marar shan ruwa da takalman roba. Kowace cuta da nata. Kwalara, irin wadda ta addabi Madarumfa a 2018, safar hannu da riga da takalma take buƙata. Korona, da ta shigo Nijar ranar 19 ga Maris 2020, ta fi neman takunkumi. Ebola kuwa, ko ɗan yatsa ba a bari a waje.

Annobar Ebola ta 2014 ce ta sauya yadda ake wannan horo. Hukumar lafiya ta duniya OMS ta gano cewa a Gine, Laberiya da Saliyo, haɗarin kamuwar ma'aikacin lafiya ya ninka na sauran manya sau 21 zuwa 32. A Legas ma cutar ta kashe likita Stella Adadevoh, wadda ta hana majiyyacin farko fita daga asibiti.

Sanya kayan ba shi da wuya. Cirewa ce ke da haɗari. A lokacin bayan rigar ya gurɓata, mutum ya gaji, gumi na shiga ido, hannu kuma na son kai wa fuska. Shi ya sa ba a cirewa sai gaban wani abokin aiki da ke faɗin matakai ɗaya bayan ɗaya. Ana tuɓe rigar ta juyo ciki waje, a kama tabarau da takunkumi ta igiyar ƙeya, a wanke hannu bayan kowane mataki. Safar ciki ita ce ta ƙarshe. Wasu masu horarwa kan barbaɗa wa rigar hodar da ke ƙyalli a ƙarƙashin wata fitila, don kowa ya ga inda ya shafa wa kansa.

Akwai darasin haɗa ruwan jabel: a wurin Ebola, kashi 0,5 cikin ɗari na kaya ne, 0,05 na fatar hannu. Akwai kuma zafi. Da wuya a wuce awa guda cikin cikakkiyar sutura, balle a watan Afrilu a Tawa ko Damagaram.

Horon da ya tsaya kan likitoci kaɗai bai cika ba. Masu shara, masu wanki, direban motar asibiti da masu ɗaukar gawa su ma suna taɓa abin da likita ke taɓawa, wani lokaci fiye da shi.