Iyakar da ba a gani a tsakiyar Atlantika

Da ƙarfe 1:35 na daren 1 ga Yunin 2009, agogon GMT, masu kula da zirga-zirgar jiragen sama na Brazil suka ji muryar matuƙan jirgin Air France mai lamba 447 a karo na ƙarshe. Ya taso daga Rio de Janeiro zai je Paris, ɗauke da mutum 228. A gabansa akwai wani wuri da ake kira TASIL: babu tsibiri, babu alama, ruwa ne zalla. A taswira kuwa, nan nauyin Brazil yake ƙarewa, na Dakar ya fara. Jirgin bai kai can ba. Da 2:14 ya faɗa teku.

Wannan rabo ba na mallaka ba ne, na ɗaukar nauyi ne. Bayan yarjejeniyar Chicago ta 1944 aka yanka sararin samaniya yanki-yanki, kowanne da mai sa masa ido da neman wanda ya ɓace a cikinsa. Na Najeriya har gobe sunan Kano yake amsawa. Na Yamai da na Dakar kuma suna hannun ASECNA, hukumar da ke kula da zirga-zirgar jiragen sama. Teku sai a 1979 aka yi masa tasa yarjejeniyar a Hamburg, daga baya aka kasa shi yankuna 13.

A takarda kusan babu taku ɗaya da ba shi da mai kula da shi. Matsalar tana bakin iyaka. A daren nan Brazil ta ɗauka jirgin ya shiga hannun Dakar. Dakar ba ta taɓa jin ɗuriyarsa ba, amma shirun bai tayar mata da hankali ba, don rediyo ya saba gardama a wannan yanki, balle ga hadari. Haka aka yi ta buga waya tsakanin cibiyoyi, har Madrid da Brest, kowa na tambayar ɗan'uwansa. Sai da aka ci kusan sa'o'i tara kafin jirgin nema na farko ya tashi. Gaskiya ko da wuri aka fita ba za a ceci kowa ba, amma a lokacin babu wanda ya san haka.

Rahoton masu bincike na Faransa na 2012 ya nuna Brazil da Dakar ba su da tsayayyen tsarin haɗa hannu a aikin ceto. Buraguzan jirgin da suka nutse ƙarƙashin teku kuwa sai a Afrilun 2011 aka gano su, a zurfin mita kusan 3,900, kilomita 12 kacal daga inda ya aiko da saƙon matsayinsa na ƙarshe.